Tarihin kakanninmu fataken Gwanja, wanne zan kama?

Ba'agale_Kn:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina haɗa tarihin gidanmu ne saboda 'yan baya, mu Agalawa ne, kakanninmu fataken goro masu zuwa Gwanja. To abu uku ne a hannuna kuma sun ƙi jituwa. Kakata tace kakanta ya zauna a Salaga, garin kasuwar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, zamanin Sarki Alu, lokacin kasuwa na ci sosai. Sai wata takardar ajami a adakar baffana mai jerin sunaye, wane ɗan wane, ba shekara ba sunan wanda ya rubuta. Na uku wani ne ya ɗora a Facebook wai daga Yaman muka taso, an riga an watsa a guruf ɗin dangi na WhatsApp kowa sai masha Allah yake.

Dattijon_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Fara da na Hajiya amma ka auna shi. Alu ya yi sarautar Kano daga 1894 har 1903 da Turawa suka shigo, ita kuwa Salaga yaƙin basasa ya cinye ta tun 1892, fatake suka watse wasu Kete Krachi wasu Kintampo, daga baya Kumasi ta kwashe cinikin. Ka ga kenan in dai ya tarar da kasuwar Salaga na ci to zamanin Abdullahi Maje Karofi ne ko na Bello, in kuma da gaske zamanin Alu ne to wataƙila wani zangon ya zauna. Ba ƙarya tayi ba fa, tsofaffi sukan haɗe zamani biyu a baki ɗaya. Ka koma da wayarka ka ɗauki muryarta, kar ka sa mata amsa a baki, kuma kar ka tambayeta shekara don ba da ita suke lissafi ba. Ce mata kafin yunwar Kakalaba ne ko bayanta, jirgin ƙasa ya zo Kano ko bai zo ba? Jirgi 1911 ne, Kakalaba wajen 1914, kai sai ka yi lissafinka.

Maman_Khairat:
Hhhh kowa dai daga Yaman ya taso, to wa aka tarar a ƙasar? Gsky ɗan uwa ka tambayi mai post ɗin abu ɗaya, a ina ka samu, in yace haka ake faɗa to ka ajiye shi gefe. Masu bincike ma asalin Agalawa wajen ƙasar Buzaye suke kai shi. Ni da nayi namu kowane layi sai na rubuta isnadinsa kamar na hadisi, wance ta faɗa min ranar kaza, ita kuma daga mahaifinta ta ji. Kuma in mutum biyar suka baka labari iri ɗaya bincika ko duk bakin tsohuwa ɗaya suka ji, in haka ne shaida ɗaya gareka ba biyar ba. Kirarin maroƙa ma ka rubuta amma ka sa a gefe cewa kirari ne.

Abu_Hanif:
Ni takardar nan ce ta dame ni. Dan Allah kar a yi mata laminatin kar a manna mata salatif, wlh lalata ta yake. Ka ɗauki hotonta gaba da baya da rana, sannan ka ɗaga ta saitin haske, tsofaffin takardun da ake kawowa daga Italiya sukan nuna alamar jinjirin wata uku a jiki. Ba zai baka shekara ba tunda an daɗe ana amfani da irinsu, amma in takardar littafin makaranta ce mai layi ka san kwafi ne na baya bayan nan. Ka ba malamai biyu su karanta kowa daban, ajami wasali ɗaya ke canza suna. In ka samu sarari ka leƙa Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa duk a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa nan Kano. Amma rahoton Baturen mulkin mallaka da za ka tarar can ma ba wahayi bane, ta bakin tafinta ya ji, kuma mutane sun sha ɓoye masa gaskiya saboda haraji.

Ba'agale_Kn:
Allah ya saka da alheri, Juma'a zan je wajen Hajiya. Saura baffa, ko taɓa adakar nan baya bari a yi, sai dai in haɗa shi da ita ta yi masa magana.