Wai da gaske Rumawa ne suka ƙirƙiro Yesu?

Sadiq_Fagge:
Salam jama'a. Jiya da daddare wani abokina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, kusan minti arba'in, har data ta ta ƙare a kansa. Wani bature ne yake cewa wai Yesu bai taɓa wanzuwa ba, sarakunan Rum ne suka zauna suka tsara labarinsa bayan sun rushe Kudus don Yahudawa su daina yi musu tawaye, kuma wai daga gunkin Masar Horus aka kwafo komai, haihuwar budurwa da 25 ga Disamba duka. Gaskiya mutumin ya iya zuba, har kaina ya ɗaure. Masu ilimin tarihi dan Allah akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Ka bar daɗin bakinsa tukuna, ka jera shekarun kawai ka gani. Titus, kwamandan sojan Rum, ya rushe Kudus a shekara ta 70 Miladiyya. To wasiƙun Bulus, manzon Kiristoci, tun wajen shekara ta 50 ake rubuta su, kuma a wasiƙarsa ga Galatiyawa ya faɗa da bakinsa cewa ya je Kudus ya gana da Bitrus da Yakubu ɗan'uwan Yesu. Ta yaya za a ƙirƙiro mutum bayan 70 alhali shekara ashirin kafin nan akwai jama'a a Koranti da Tasalonika suna taruwa da sunansa har suna rigima a junansu?

Sannan Tacitus, wanda sanata ne na Rum kuma ko kaɗan baya ƙaunar Kiristoci, camfi mai halakarwa ma ya kira addinin, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar Rum ta shekara ta 64, kuma sunansu daga Kristi ya samo asali wanda gwamna Bilatus ya yanke wa hukunci zamanin Sarki Tiberiyus. In gwamnati ce ta ƙera addinin don amfanin kanta, me ya sa za ta yi ta farautar mabiyansa jifa-jifa har zuwa zamanin Sarki Diocletian a 303, ana ƙona littattafansu? Wannan ai kamar ka gina rumbu ne ka cinna masa wuta.

Maganar Horus kuma, a tatsuniyar Masarawa uwarsa Isis matar aure ce, mijinta Osiris, bayan an kashe shi ta harhaɗa gawarsa ta samu ciki. Ina budurci a nan? 25 ga Disamba kuwa babu ita a Linjila ko ɗaya, sai a ƙarni na huɗu ta bayyana a kalandar Rum.

Ummu_Hanan:
Ni abin da ke ban mamaki yadda 'yan'uwanmu Musulmi ke yaɗa irin bidiyon nan da murna wai an kama Kiristoci, ba sa lura cewa wanda ya ce Yesu bai wanzu ba Annabi Isa (AS) yake nufi fa, kuma haihuwarsa ba uba tana nan a Suratu Maryam. Ka tura wa mutum ashirin kana dariya baka san har da kai aka zaga ba.

Bitrus_Kafanchan:
Na gode 'yar'uwa, kin riga ni. Malam Tarihi ya gama magana, sai dai a yi adalci, ba kowace tambaya ce shirme ba. Akwai wani sakin layi na Josephus, marubucin tarihi na ƙarni na farko, da ke yabon Yesu, masana da yawa har da Kiristoci sun yarda wani mai kwafi ya sa hannu a ciki daga baya, don Bayahude irinsa ba zai rubuta cewa shi ne Almasihu ba. Amma ɗaya wurin da ya ambaci kisan Yakubu ɗan'uwan Yesu yawancinsu sun karɓa. Kuma Bart Ehrman, masanin Sabon Alkawari da ake yawan kafa hujja da shi a muhawara, wanda shi kansa ya bar addinin, littafi guda ya rubuta a 2012 yana ƙaryata masu cewa babu Yesu a tarihi.

Sadiq_Fagge:
To Linjilar Barnaba fa? Wani ya taɓa ce min ita ce ta asali, Sarkin Rum Kustantin ne ya ɓoye ta a taron Nikiya.

Malam_Tarihi:
Hmm, wannan kuma za a ji haushina. Taron Nikiya na 325, taron shugabannin coci, a kan rigimar wani limamin coci mai suna Ariyus aka yi shi, wato matsayin Yesu, ba a zauna zaɓen littattafai a can ba. Ita kuma Barnaba tsofaffin kwafinta da aka sani da Italiyanci da Sifaniyanci suke, ba su wuce shekara ɗari huɗu da 'yan kai ba, kuma a ciki an sa Yesu ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da tafkin Galili, wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa ba zai yi wannan kuskuren ba. Har ma ta sa shi yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani Almasihu Isa ɗan Maryam ya kira shi.

Sadiq_Fagge:
Kai, ashe haka ne. Bari in kwafe wa abokin nawa, ko da yake na san halinsa, wani bidiyon zai sake turo min kafin la'asar.