Ina ake kwantar da mai shanyewar ɓarin jiki don gashi a arewacin Kamaru?

Salamu alaikum. Mahaifinmu, ɗan shekara 63, mai hawan jini, ɓarinsa na dama ya shanye mako 5 da suka wuce, magana ma ta sarƙe. Hoton kai ya nuna toshewar jijiya ce, jini bai zuba ba. Kwana 9 ya yi a wani asibiti a Garwa, aka sallame shi da takardar zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓi da ake yi wa majinyaci a asibiti, sau 3 a mako.

Mun yi zuwa 7 muka tsaya. Ba ya iya zama a kan babur, shatar mota kuma ta fi kuɗin gashin tsada. A gida muna juya shi duk bayan awa 2, muna miƙe masa gaɓoɓi safe da yamma, amma kafaɗar ta zame har yatsa yana shiga gurbin, yatsun hannun sun fara dunƙulewa, gyambo kuma ya buɗe a ƙugu. Ruwa yana ƙware shi, sai kunu mai kauri yake wucewa lafiya. Watanni 3 na farko su ne lokacin da jiki ya fi farfaɗowa, ga shi suna tafiya a banza.

Tsakanin Garwa, Marwa da Ngaundare, wane wuri ne ke kwantar da irin wannan majinyaci a yi masa gashi kullum? Allah ya saka da alheri.