Abin da aka tsayar kan shari'ar kasuwanci a Maraɗi

Da 'yan kasuwa suka zauna da lauyoyi da alƙalai, batun ɗage zaman kotu ne ya fi cin lokaci. Ɗan kasuwar da aka riƙe wa kuɗin kaya daga Jibiya ba zai jira wata shida ba, jarinsa ne ke narkewa. Aka ce lauya ya miƙa takardunsa tun kafin zama, alƙali kuma ya sa ranar hukunci ya tsaya a kanta.

Bashin da ke da rasit, a bi hanyar neman umarnin biya daga kotu ta dokokin OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta fi sauri. Matsalar dai, cinikinmu da yawa na baki ne, shi ya sa lauyoyi suka nace a riƙa rubutawa. Sulhu kuma a fara gwada shi, da tafinta mai jin Hausa sosai.