Diyya, tallafi ko fansho? Ku taya ni raɗa wa wannan kuɗi suna

Jama'a, tun jiya kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ina rubutu ne kan Arewacin Ireland, inda suke da abin da suke ce wa "victims' pension": kuɗin da gwamnati ke biyan waɗanda rikicin shekara talatin na yankin ya nakasa har ƙarshen rayuwarsu.

Rikicin ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ranar Asabar 4 ga Maris 1972, bam ya tashi a gidan abinci na Abercorn da ke Belfast, babban birnin yankin, wurin maƙil da masu cefane. Akwai 'yan matan da suka shiga shan shayi da ƙafafunsu, aka fito da su babu. Irinsu ne suka yi ta jira har watan Agustan 2021 kafin a fara karɓar takardunsu na neman kuɗin. Da aka ƙaddamar da tsarin, fam 2,000 zuwa 10,000 na Birtaniya aka tsara biya a shekara, gwargwadon lahanin.

Da farko diyya na rubuta. Da na karanta wa malamina sai ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, diyya wanda ya yi ɓarnar ke biya, ko danginsa, kuma in an karɓa magana ta mutu." Gaskiyarsa. Nan kuwa kuɗin wata-wata ne daga baitulmali, kuma da yawansu har gobe suna neman a faɗa musu wanda ya dasa bam ɗin. In na ce diyya, na rufe musu bakin da ba su rufe ba.

Tallafi ma ban yarda da shi ba. Kunnen Bahaushe na jin tallafi sai ya hango layi da buhun shinkafa. Mutanen nan sun shekara da shekaru suna zarya a kan keken guragu, sai da ta kai su kotu a 2020, alƙali ya ce jan ƙafar da hukuma ke yi ya saɓa doka. Haƙƙi suka ƙwato.

Saura fansho. Na san za a ce ai fansho na wanda ya yi aiki ya yi ritaya ne. To nan ma hujjar take. Wadda aka yanke wa ƙafafu tana da shekara ashirin da 'yan kai, yaushe ta samu aikin da za ta tara fansho? Tsufa ya zo ya same ta hannu wayam. Abin da rikici ya hana ta tarawa shi ake mayar mata.

Don haka na tsaya kan fanshon nakasar rikici, a gajarce fanshon nakasa. Inda nake ɗan ɗari-ɗari shi ne tsarin ya haɗa da waɗanda firgici ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, mu kuwa in an ce nakasa, hannu da ƙafa muke fara tunawa. Malaman Hausa, nakasa za ta ɗauki wannan, ko in koma fanshon lahani?