Me ya sa jadawalin aikin gini yake wargajewa tun ba a je ko'ina ba?

Ɗalibi mai neman sani:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina shekarar ƙarshe a karatun kula da ayyukan gini, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A wurin da na je koyon aiki, an liƙa jadawali mai kyau a bangon ofis, kowane aiki da ranarsa, amma kafin a kammala harsashi an riga an makara da mako uku, kuma daga ranar babu wanda ya sake ɗaga kai ya dube shi. Shin laifin jadawalin ne, ko na masu aiki da shi?

Injiniya mai duba aiki:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara bincika ko jadawalin ya nuna wane aiki ne yake jiran wane. Wannan shi ne ginshiƙin dabarar da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da ita a Amurka a 1957, wato a gano jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara da kwana guda, wa'adin ginin gaba ɗaya ya matsa. Jinkirin fenti yana iya samun sarari, amma idan ba a gama ɗaurin rodi ba, ba za a zuba kankare ba, kuma kankare ba ya jin roƙo, domin sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.

Tsohon ɗan kwangila:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai ni a ganina cutar ta fi ƙarfi a wajen wanda ya rubuta jadawalin. Na taɓa tara mutum ashirin da injin kwaɓa kankare da sassafe domin takarda ta ce ranar za a zuba rufin bene, ashe kafinta bai gama kafa katako ba, kuma tun kwana huɗu ya san ba zai gama ba, amma babu wanda ya tambaye shi. Haka muka biya ladan yini, ba a zuba ko shebur ɗaya ba.

Binciken Glenn Ballard da Greg Howell, wasu masana harkar gini, a shekarun 1990 ya taɓo daidai wannan wurin, domin sun gano cewa kusan rabin ayyukan da ake tsarawa a mako ne kawai ake kammalawa a makon. Maganin da suka kawo shi ne a zauna da shugabannin magina da kafintoci da masu rodi kowane mako, kowa ya ɗauki alkawarin abin da zai iya, kuma kada a sa aiki a jadawali sai zanensa da kayansa da ma'aikatansa sun hallara. A ƙarshen mako a ƙirga alkawuran da aka cika, a nemi dalilin waɗanda suka faɗi. Tun da na koma yin haka, ban sake tara leburori a banza ba.

Malama mai zanen gini:
Alhaji, ka ba ni dama in ƙara batun zane. Gidan wasan opera na Sidni a Ostareliya an soma shi a 1959 alhali ba a warware yadda za a gina rufinsa ba. An yi kiyasin dalar Ostareliya miliyan 7, amma sai 1973 aka buɗe shi, bayan ya laƙume miliyan 102. Ɗalibi, ka koma ka tambaya ko zanen harsashin nan ya kammala ranar da aka fara haƙa.

Ɗalibi mai neman sani:
Na gode ƙwarai, Malama. Na tambaya, an tabbatar mini cewa sau biyu aka sauya zurfin ramin bayan an fara haƙa.