Na sayi talabijin 4K amma hoton dishi-dishi yake, in mayar ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na sayo sabuwar talabijin inci 55, an rubuta 4K a jikin kwalin. A shago, tsuntsun da suke nunawa har gashinsa za ka iya ƙirgawa. Da na zo gida na jona da dikodata sai hoto ya koma dishi-dishi, lambar bayan rigar ɗan ƙwallo ma sai na matso nake karantawa. Wallahi tsohuwar mai ƙeyar da na ba ƙanena ta fi ta. Uwargida har ta fara cewa an cuce ni. In mayar musu ne?

Mai haɗa dish: Wa alaikumus salam. Alhaji, leƙa bayanta tukuna. Da wace waya ka jona? In mai kai ukun nan ce, rawaya da fari da ja, to ga ɓarawon nan. Rawayan ne kaɗai ke ɗauko hoto, kuma ba ya wuce layi 576 komai tsadar talabijin. Sai ka nemi wayar HDMI, ita ce ke ɗauko layi 1080, hoto da sauti a waya guda. Amma duba ko dikodar na da ramin HDMI. In ba ta da shi, tsohuwar yayi ce, ita za ka canza.

Mai tambaya: Mai kai ukun ce kuwa, ta tsohuwar na cire na maƙala. Ramin yana nan, ƙura ma ta cika shi.

Wani mamba: Ka sayi HDMI mai tsada, mai kan zinare. Kuma a juya maka dish, ƙila sigina ne.

Mai haɗa dish: A'a ɗan uwa, kar ka sa shi asarar kuɗi. A tazarar mita ɗaya ko biyu, mai araha da mai tsada hoto ɗaya suke kawowa, muddin wayar lafiyarta ƙalau. Sigina kuma in ya yi rauni, hoton farfashewa yake gida-gida ko ya tsaya cak, kamar yadda ake gani in hadari ya haɗo. Dishi-dishi ba aikinsa ba ne.

Wata mamba: Yaya, ni ma haka ta faru da ni. Bayan ka sa wayar, shiga saitin dikodar ka zaɓi 1080i, girman allo kuma 16:9. Tawa a 576 ta zauna wata guda ban sani ba, mutane duk sun yi faɗi kamar an danne su.

Malamin kwamfuta: Ƙari kan abin da suka faɗa, kar ka sa ran duk tashoshi za su gyaru. Allon 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8. Tashar da ba HD ba, wato ba mai hoto tar ba, ɗigo 720 sau 576 take turowa, bai kai rabin miliyan ba. Talabijin ɗin ce ke jan wannan ɗan hoton ta cike allo da shi, kamar ka ɗauki hoton fasfo ka mayar da shi fasta. Mai ƙeyarka ƙaramin allo gare ta, shi ya sa take rufa asiri. Abin da ka gani a shago kuwa bidiyon 4K ne na talla da suka sa a filashi, ba tasha ba ce. In kana son gwaji na gaskiya, kamo tashar da ke da HD a jikin sunanta, ka sauya zuwa wadda ba ta da shi, kana zaune wuri ɗaya.

Mai tambaya: Na sa HDMI, na mayar 1080i. Tashar ƙwallo ta fito tar, har ciyawar fili ake gani. Tashoshinmu na Hausa dai sun ɗan gyaru ne kawai, sai na ja kujera baya. Allah ya saka da alheri. Yanzu uwargida ce ta riƙe rimot.