Wace takarda ake buƙata kafin ba da hayar gida na 'yan kwanaki a Sakkwato?

Assalamu alaikum. Ina da gida mai ɗaki uku a Gawon Nama, na zuba masa gadaje da wutar sola domin in riƙa saukar da baƙin da ke zuwa biki ko jinya na 'yan kwanaki. Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC (hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa), sai dai takardar filin ta nuna gidan zama ne. Wani ofishi ya ce sai na mayar da ita ta kasuwanci, wani kuma ya ce lasisin masauki irin na otal ya wadatar. Wata biyu ke nan gidan yana kulle ina biyan mai gadi, domin ina tsoron a garƙame ƙofar da baƙo a ciki.

Don Allah, wace takarda doka ta wajabta in mallaka kafin in sauki baƙon farko?